Takardar Da Ta Ce Ina Da Miji

Ban taɓa aure ba. Ku riƙe wannan da kyau, don nan gaba kaɗan za ku fara zagina a zuci, kuma na fi so ku zage ni kuna sane da gaskiya. Ni Saratu Zakariyya'u, 'yar Makera, shekarata ashirin da huɗu, ba a taɓa shafa fatihata da kowa ba. Amma a wani ofis a Trikania, cikin wani koren fayil, akwai takardar da ta ce ina da miji. Da sunansa, da lambar wayarsa, da sa hannunsa.

Ga yadda aka yi.

Sama da shekara biyu ke nan, na taso daga kemis ɗin da nake aiki, wani ɗan babur ya fizgi jakata ya ja ni a kan kwalta. Har yau tabon yana gwiwar hannuna. Wata uku na yi, ko ƙarar babur na ji sai in firgita. Abokiyar aikina Lizzy ce ta gaji da ganina haka, ta ja ni makarantar taikwando, wasan kare kai, ta Masta Derrick, inda ita ma take koyo. Ajin mata ne, da yamma, sau uku a sati.

Wata guda da farawata Masta ya kira ni gefe. Ya ce ƙafata tana da tsayi, tana da sauri. Zai koya min kyauta, kaya ma shi zai ba ni, ni kuma in yi wa kulob ɗinsa gasa na shekara uku. A ƙasan fom ɗin akwai gurbin wanda zai tsaya min: uba, ko wa, ko miji.

Uba? Babana Malam Zakariyya'u mai walda, wanda ko wando bai yarda mace ta shanya a tsakar gidansa ba? Wa kuma ba ni da shi, ni ce fari. Sai na ja saurayina na lokacin, Umar mai gyaran waya. Ya karɓi biro yana dariya, ya ce, "Ai saura ƙiris." Ya rubuta miji. Ni ma na yi dariya, Allah Ya yafe min. Wata biyar bayan nan muka rabu, ranar da na gano ba ni kaɗai yake ce wa saura ƙiris ba.

Yanzu akwai Shehu. Tayal yake sayarwa a Kakuri, mutum ne mai sanyin magana, wanda in ya ce ƙarfe biyar to biyar saura zai zo. Ni na zaɓe shi, ba wanda ya tura ni. Magabatansa sun zo gaisuwa, an karɓe su. Abin da ya rage kafin sa rana shi ne bincike, kuma danginsa suka damƙa binciken a hannun gwaggonsa, Hajiya Halima.

Ranar Talata da safe ina goge atamfata Mama ta shigo ta turo ƙofa da ƙafa. Ba ta zauna ba.

"Matar nan ta fara yawo," ta ce ƙasa-ƙasa. "Jiya ta je Islamiyyarku. Ta zauna wajen mai awarar bakin layi, ta sayi ta ɗari biyu ta yi awa guda tana ci. Har tsohuwar malamarku ta sakandare ta nemo."

"To me aka ce mata?"

"Alheri aka ce. Amma ba ta je wajen aikinki ba tukuna." Ta sunkuya ta jawo buhun da ke ƙarƙashin gadona, ta zazzage shi. Fararen kayana na horo suka zubo, da jan bel ɗina. Mama ce kaɗai a gidanmu ta san ina zuwa. Ita take shanya min su a bayan wadirob in Baba ya fita. "Wannan abin ya ƙare. Ki je yau ki cire sunanki. Na rufa miki asiri don na ga yadda kike firgita, amma ba zan zauna a ce 'yata 'yar dambe ce a gidan surukai ba. In babanki ya ji daga bakin wani, ni da ke duk mun shiga uku."

"Mama, ba dambe ba ne."

"Ko rawa ce. Ki cire sunanki."

Ba ta san da maganar miji ba. Na tattara kayan na mayar cikin buhu.

Da la'asar na isa Trikania. Dokar Masta ɗaya ce, ko gwamna ne ya zo: takalmi a bakin ƙofa, waya a cikin kwando. Na cire, na ajiye, na shiga ofishinsa. Yana zaune yana duba wata babbar fosta a kwamfuta. Na leƙa. Ni ce. Farin hijabi a ƙarƙashin hular kariya, ƙafata ta dama a sama, sunana da manyan baƙaƙe.

"Kin ga kanki?" ya ce yana murmushi. "Gasar ƙarshen wata. Ranar Juma'a da safe zan kai wa mai bugu, Asabar ta cika gari, daga Kakuri har Kakau."

"Masta, fita zan yi."

Murmushin ya tafi a hankali. Ya cire gilashinsa. "Saura wata goma sha huɗu, Saratu."

"Na sani. Matsala ce ta gida."

Masta Derrick ba mugu ba ne, kada ku ɗauke shi haka. Mutumin Zonkwa ne, dattijo, ranar da na fara cin gasa har hawaye ya yi. Ya miƙe ya ciro koren fayil ya buɗe a gabana, ya ɗora yatsa a layin ƙarshe.

"Ba zan riƙe ki dole ba. Amma kin san ƙa'ida. Wanda ya tsaya miki ya shigar da ke, shi zai zo ya fitar da ke. Ki kawo maigidanki ya sa hannu, in goge fostar nan a gabanki."

"In na sa hannu ni kaɗai fa? Ai ba yarinya ba ce ni."

"Na taɓa yi. Wan wata ɗaliba ya zo ya cire ta, bayan sati mijinta ya kawo min 'yan sanda wai ina na kai masa mata. Tun daga ranar na rantse. Kuma kwafin takardar nan yana wajen ƙungiyarmu ta jiha, abin da na rubuta musu shi zan bi."

"To a ce... a ce ba ma tare yanzu?"

"Ayya. Saki ne?" Ya girgiza kai cikin tausayi. "To ki kawo takardar sakin in gani, sai babanki ya zo ya karɓi gurbin."

Jama'a, kun ji fa. Takardar sakin auren da ba a ɗaura ba.

A cikin keke na buɗe wayata. Saƙon Shehu ne a sama: "Amaryata, Gwaggo ta ce duk inda ta shiga yabonki ake. Na ce mata ai na gaya miki." Da hoton zuciya guda uku. Na rubuta masa, "Akwai maganar da nake so mu yi," na tsaya ina kallon kalmomin har muka yi nisa, sannan na goge. Na tura "Alhamdulillah." Shi dai ya san ina zuwa motsa jiki da Lizzy. Iyakar abin da na gaya masa ke nan.

Sai na gangara can ƙasa, inda na toshe lambar Umar shekara guda da rabi. Na buɗe ta.

"Salam. Saratu ce. Ina neman alfarma."

Ko minti ɗaya ba a yi ba. "Ikon Allah. Matata ta tuna da ni."

"Umar, ba wasa na zo yi ba. Fom ɗin Masta. Sai ka zo ka sa hannu zan fita."

"Na ji an ce mai tayal ne ya yi wuf da ke."

"Za ka zo ko ba za ka zo ba?"

"Ko takardar saki zan rubuto miki? Ɗaya kike so ko uku?"

Na kife wayar a cinyata. Matar da ke kusa da ni a keken ta ce, "Lafiya, 'yan mata?" Na ce lafiya. Da na sake ɗagawa ya rubuto: "Alhamis bayan la'asar. Ki yi kwalliya, kada ki ba ni kunya a gaban mutane."

Ranar Alhamis na roƙi oga ya sallame ni da wuri, na bar Lizzy a kanti. Na koma gida na yi wanka, na sa leshi ruwan toka, na yafa babban mayafi. Sai na tsaya a gaban takalmana. A nan na yi wautar da har in mutu ba zan manta ba. Akwai wasu takalma ruwan zuma masu duwatsu a sama, suna cikin kayan toshin Sallah da Shehu ya aiko. Hajiya Halima ce ta zo da su daga aikin Umara, ita ta zaɓa da hannunta. Babu irinsu biyu a Makera. Na sa su don kawai Umar ya gani ya san na wuce ajinsa.

Na tarar da shi a ƙofar makarantar, jingine da babur ɗinsa. Shadda fara ƙal, hula zanna, turare kamar ya yi wanka da shi. Ya dube ni daga sama har ƙasa, idonsa ya tsaya a takalman.

"Mai tayal yana ƙoƙari."

"Minti biyar. Ka sa hannu, ka tafi."

"Haka ake yi wa miji magana?"

Ya cire takalmansa ya jera su dab da nawa, har yana gyara su da ƙafa su daidaita. Muka jefa wayoyi a kwando. Ina jin ɗalibai a babban ɗaki suna ƙirga bugu da ihu, muka shiga ofis.

Masta ya miƙe ya ba shi hannu biyu. "Maigida! Sai yau. Tun ranar nan ban sake ganinka ba."

"Harkoki, Masta. Kun san mai iyali."

Na dunƙule hannu a cikin mayafi. Masta ya ajiye takardar fita a kan tebur, ya ɗora biro a kai, amma bai saki ba.

"Kafin ka sa hannu, bari in roƙe ka a matsayin namiji da namiji. Matarka tana da baiwa. Shekara ashirin ina wannan aiki, irinta uku na gani. Ka bar ta ta yi gasar nan ɗaya tak. In kishi ne, da hijabinta take yi, mata ne alƙalai. Me ya sa kake son cire ta?"

Umar ya jingina da kujera ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ya juyo ya dube ni, na ga abin yana tasowa a idonsa tun kafin ya furta.

"Ni? Wa ya ce ni nake son cire ta? Ni ban hana ta ba, Masta. Ta ci gaba. A buga fostar, har shagona zan manna."

"Umar!"

"Ka ji ko? Sunana take kira gatsal."

Masta ya dube ni, ya dube shi. "Bari in ba ku wuri ku daidaita," ya ce, ya fita ya ja ƙofa bai rufe duka ba.

Na miƙe tsaye. Wallahi na san daidai inda zan sa masa diddige ya kwana uku bai tauna tuwo ba. Na riƙe kaina.

"Me kake so?"

"Kin toshe ni kamar wani ɓarawo. Ko sallama babu."

"Ka manta Debby ta Barnawa? Ka manta saƙonnin da na gani?"

"Kuskure ne. Na rabu da ita tun tuni." Muryarsa ta sauka, wasan ya fita daga cikinta, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. "Saratu, ranar da na rubuta kalmar nan da gaske nake. Ki ɗaga maganar mai tayal wata uku. Wata uku kawai, in turo magabatana. In kin yarda yanzu zan sa hannu."

"In ban yarda ba fa?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Asabar fuskarki tana kowace bishiya."

Duk wannan abin da ake, wayata tana can cikin kwando tana haske. Daga baya na ga saƙonnin, guda bakwai, duk daga Lizzy. "Wata Hajiya ta zo kanti tana tambayarki." "Oga yana ta yabonki." "Wayyo, ya ce mata ke zakara ce a wajen Masta." "Ya kwatanta mata wurin." "Ta tari keke." "Ki fita." "SARATU KI FITA."

Ni ban san komai ba. Ina tsaye ina lissafin ƙarya: in ce masa na yarda, ya sa hannu, in fita in sake toshe shi. Har na buɗe baki.

"To, na..."

"Salamu alaikum. Takalman nan na waye?"

Na san muryar. Sau biyu na taɓa jin ta, amma ko a kabari zan gane ta.

Muryar Masta ta amsa daga waje, cike da fara'a. "Sannu da zuwa, Hajiya. Na Saratu ne, ɗalibarmu ta ɗaya. Kin zo a daidai, yau ma maigidanta ya zo. Bismillah, shigo."

Ƙofa ta buɗe. Hajiya Halima ce, doguwar riga baƙa, gilashi a kan hanci, carbi naɗe a wuyan hannu. Ko takalminta ba ta cire ba, Masta kuma bai iya ce mata komai ba. Na zube ƙasa.

"Hajiya, ina wuni."

Ta dubi Umar, da shaddarsa da hularsa. Ta dubi fostar da ke kan kwamfuta. Sannan ta sa yatsa biyu ta jawo koren fayil ɗin da ke kan tebur, ta gyara gilashi, ta karanta layin ƙarshe a hankali, leɓɓanta suna motsi.

"Maigidanta," ta ce. "Ikon Allah. Mu aka ce mana budurwa ce. Ashe da igiya a kanta muka kai gaisuwa."

Umar ya sauke ƙafarsa. Duk iskar da ya shigo da ita ta fice. Ya ɗauki biro da sauri. "Masta, kawo in sa hannun, ina da uzuri."

Ga abin da na kwana biyu ina nema, ga shi a gabana. Layi ɗaya zai ja, kwantiragi ya mutu, fosta ta mutu, Baba ba zai taɓa sanin na taka wurin nan ba. Amma zai ja layin ne a matsayin mijina, a gaban idon gwaggon Shehu. Kafin magariba labari ya isa Tudun Wada, unguwarsu Shehu, cewa 'yar Malam Zakariyya'u matar aure ce ko bazawara mai ɓoye aure. Wannan tabon ba ya fita, ko da me aka wanke.

Bakin biron ya taɓa takarda. Ban san lokacin da na tashi ba. Na kama wuyan hannunsa na murɗa yadda Masta ya koya mana, biron ya faɗi ya gangara ƙarƙashin tebur.

"Ba mijina ba ne." Na juya wajen Hajiya. "Hajiya, wallahi tallahi ba a taɓa ɗaura min aure ba. Saurayina ne a da. Tsoron Baba ya sa na kawo shi ya tsaya min, ya rubuta haka, ni kuma na yi shiru. Masta, ƙarya na yi maka. Shekara biyu ina yi maka ƙarya. Ka yafe min."

Ihun ɗalibai kawai ake ji ta bango.

"Sakar min hannu," in ji Umar a hankali. Na saka. Hajiya ta juya kansa.

"Kai, ɗan nan. Tsakaninka da Allah. An ɗaura ko ba a ɗaura ba?"

Ya sunkuyar da kai yana murza wuyan hannunsa. Daƙiƙun nan sun fi min shekara tsawo.

"Ba a ɗaura ba, Hajiya."

"To kama hanya."

Ya fita sumsum, ko kallona bai yi ba. Masta ya zauna a kujerarsa kamar an zare masa laka. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi.

"Na tsaya a gaban ƙungiya na ce na san kowane ɗalibi nawa," ya ce. "Wannan takardar ba ta da amfani yanzu, sa hannunsa ma ba shi da amfani. Fosta na dakatar. Amma ba ki fita ba, Saratu, kuma ba ki ciki. Sai mahaifinki ya zo nan ya zauna a kujerar nan. Ba ni lambarsa."

"Masta, don Allah, don darajar iyayenka..."

"Ba sai ta ba ka ba," in ji Hajiya. "Ina da ita."

Ta buɗe jakarta ta ciro waya. Na rarrafa na riƙe gefen rigarta.

"Hajiya, ki rufa min asiri. Baba zai iya..."

"Da kin bar shi ya sa hannun nan," ta katse ni, "da yanzu ina cikin keke, kuma da Shehu ya gama da ke har abada. Wannan na gani da idona, zan kuma faɗa yadda na gani. Amma ni aike aka yi, ba ni ke yanke hukunci ba. Kuma ba zan kai ɗanmu gidan da uba bai san inda 'yarsa take wuni ba."

Ta danna, ta sa a sifika. Ƙara ɗaya. Ƙara biyu. A ta uku na ji ƙarar injin walda ta mutu, sannan muryar da na fi tsoro kuma na fi so a duniya.

"Salamu alaikum, Hajiya. Lafiya dai ko?"

Hajiya Halima ta matso kusa da ni. Ta sunkuyo, ta kamo hannuna, ta ɗora min wayar a tafi, ta naɗe yatsuna a kai.

"Hajiya? Kina ji na?"

Na share hawaye da bakin mayafi.

"Baba," na ce. "Ni ce."